Iskar da Ta Rage a Birkin Gideon

Ko wanda bai taɓa mallakar mashin ba a Tudun Wada ta Sakkwato ya san rumfar Arzika bakanike, saboda daron da ke bakin ƙofarta. Tsohon daron wanka ne na ƙarfe, gindinsa ya ɓule, an cika shi da ƙasa har baki. In damina ta sauka sai abubuwa su yi ta fitowa a cikinsa: gero kara biyu, dawa, yakuwa, wata ciyawa mai shuɗin fure da ba wanda ya san sunanta. Wata shekarar har shinkafa ta leƙo, ta yi kwana ashirin, ta ga ba fadama take ba, ta haƙura. Arzika bai taɓa shuka ko ƙwaya ɗaya a ciki ba. Laka ce kawai da yake kankarowa daga jikin mashinan da ake kawo masa, maimakon ya watsar a kwata sai ya zuba a nan.

Ba ya taɓa mashinan 'yan kabu-kabu. Ba raini ba ne, in ji shi, ba su da labari ne kawai: daga Gidan Igwai zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa Gidan Dare, me taya za ta kwaso ban da leda? Nasa su ne dogayen nan masu haƙora a taya, na shiga daji, irin waɗanda malaman gona da masu rigakafi da likitocin dabbobi ke hawa. Su ne ke dawowa da laka har wuya. Kafin ya taɓa sifana sai ya tsuguna ya ɓalli ɗan guntu daga ƙarƙashin injin, ya murza a yatsa, ya kai hanci.

"Wagga lakat Wurno ta," zai ce. Ko kuma, "Ka biya ta Dange, ko? Kuma ruwa bai kai musu ba tukuna."

Mai mashin ya buɗe baki, shi kuwa ya miƙe ya kai lakar daro kamar bai ce komai ba.

Abin dariyar, bai taɓa zuwa ko ɗaya daga wuraren nan ba. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye bayan Kware. Ya shigo birni yana saurayi, biye da jakin kawunsa da ke ɗauke da gero, ya tsaya kallon wani mutum yana kwance injin a gindin dogonyaro, jaki ya koma gida, shi bai koma ba. Shekara arba'in ke nan. Kowace kaka sai ya ce bana zai hau bayan wani ya je ya ga fadamar Wurno da idonsa, kowace kaka kuma sai a kawo wani mashin da ba ya jira. Matarsa Tani ta daina tanka masa a kan zancen tun 'yarsu Murja tana goye, ga Murja yanzu da 'ya'ya uku a Gidan Dare. Amma in ka gan shi da la'asar a kan benci, ya zuba wa daron ido, to ba ya Sakkwato. Yana can inda ruwa ya kwanta a shinkafa, balbelu na sauka a bayan shanu, wata mata na ratsa rafi da ƙwarya a ka. Duk ya san su, daga bakin masu mashin ya ji, daga laka ya ƙarasa.

Abin da ya yi suna a kai shi ne cire iska daga birki, wanda kanikawa ke kira bilidin. Birkin waɗannan mashinan da mai yake aiki. Ka matsa hannun birki a sama, mai ya bi ta tiyo ya sauka ya tura abin da ke cizon faifan taya. In iska ta shiga cikin man, ko ɗigo ne, sai ka matsa ka ji laushi, hannun ya tafi har ya taɓa maƙalli, wato mariƙin kan mashin, taya kuwa tana ta gudunta. Cire iskar aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana tsaye yana matsawa, ɗaya yana tsugune a gindin taya yana buɗe wani ɗan noti mai rami, mai ya fito da iskar, ya rufe kafin na sama ya saki. Arzika yana da kayansa na wannan aiki da ba ya ba kowa aro: sifana mai lamba takwas, da siririn tiyon ƙarin ruwa irin na asibiti, da kwalbar maganin tari da Tani ta wanke masa tun tuni. Yakan soka tiyon a bakin notin, ya zura ɗaya bakin a kwalba, ya zauna yana kallon kumfa tana tafiya a ciki ɗaya bayan ɗaya. Sai mai ya zo garau, babu ko ƙwayar kumfa, sannan ya ce ya yi.

Dokokinsa biyu ne a kan wannan. Ba ya yi sai da hantsi, lokacin da rana ke ratsowa ta ƙarƙashin rumfa ta haska kwalbar. Kuma mai mashin da kansa zai tsaya ya matsa.

"Mai mashin shi ka matsa birkinai," yakan ce. "Ranka na, ba na wani ba."

Manyan ma'aikata masu takalmi sun sha yin tsaki a kan wannan doka, su tafi wani wuri, su dawo bayan wata biyu da gwiwa a ɗaure.

Wanda bai taɓa tsaki ba shi ne Gideon, likitan dabbobi, mutumin Pankshin da aiki ya kawo Sakkwato yana da gashi baƙi ƙirin, yanzu kansa ya yi fari fat. Shekara ashirin da bakwai yana kawo wa Arzika mashin, an canza masa mashin sau huɗu, bai canza bakanike ba. Arzika na kiransa Likita, shi kuma yana ce masa Malam. In Gideon ya tsaya a kan birki, aikin minti goma sai ya kai awa, don yana matsawa yana ba da labari: rugar da aka ba shi nono a ƙwarya mai zane, bijimin da ya bi shi har kan bishiya, da gangaren da ke gab da Tungar Maje, inda hanya ke zubewa tsaye zuwa rafi, ƙasar wurin fara mai santsi da ƙananan duwatsu a ciki.

"Wurin nan, Malam, tun daga sama nake riƙe birkinka har ƙasa," yakan ce. "Ina sauka ina sa maka albarka."

"Ka riƙa sa ma Allah godiya, ni noti kaɗai nika juyawa," in ji Arzika. Amma har kunnuwansa sukan nuna ya ji daɗi.

To, ido ne ya fara cin amanar Arzika. Ba rana ɗaya ba. Da farko lambar jikin sifana ce ta ɓace, bai damu ba, hannunsa ya san kowace. Sai fuskokin mutane daga tsallaken titi suka zama riguna kawai. Sai wata safiya ya ɗaga kwalba a hasken hantsi ya ga komai ya zama ruwan koko, tiyo da mai da kumfa duk abu ɗaya. Ya goge kwalbar da bakin riga. Ya goge idonsa. Ya sake ɗagawa. Daga ranar ya koma ƙirge: in ya buɗe noti sau bakwai ya rufe, sai ya kafa wa kwalba ido kamar mai gani, ya gyaɗa kai, ya ce ya yi.

Tani ta gane tun ranar da ya tsiyaya shayi a gefen kofi.

"Malam, ka tahi a duba ma idon ga."

"Lahiyatai lau. Kofin na ƙarami."

"Shekara goma kana sha cikinai, yau yaz zama ƙarami?"

Ya yi banza da ita. Ba taurin kai ba ne kaɗai, tsoro ne, kuma tsoron ba na yunwa ba ne. Ya san garin da yake. Yau in aka ji Arzika ba ya ganin kumfa, kafin Juma'a duk dogayen mashinan sun koma wata rumfa. Ba mai kawo masa lakar Wurno, ba mai kawo ta Rabah. Daro zai bushe, shi kuma ya zauna a Tudun Wada, a Tudun Wada kaɗai, karon farko cikin shekara arba'in.

A wannan shekarar ce Gideon ya tsiro da wata sabuwar ɗabi'a. In Arzika ya ce ya yi, sai ya ce, "Ƙara ɗaya, Malam, don zuciyata ta kwanta." Wani lokacin ɗayar ta zama uku. Arzika ya yi ta yi masa tsiya, wai tsufa ya mai da likitan bijimai matsoraci. Yana tsiyar yana buɗe notin.

Ranar wata Talata a tsakiyar damina, suna cikin aikin, aka kira Gideon a waya daga ofis. Ya maƙale wayar a kafaɗa, yana matsawa yana faɗa da wani a kan akwatin allurar da ba a sa wa ƙanƙara ba. Arzika ya ƙirga bakwai ya ce ya yi. Gideon ya ɗaga masa hannu, ya tayar da mashin ya tafi, wayar na kunnensa.

Bayan kwana biyu aka kawo mashin a bayan a-kori-kura, Gideon na zaune a gaba, hannun hagu a rataye da ƙyalle, gefen fuska a kurje.

"Subhanallahi! Likita, mi yas same ka?"

"Akuya ce, Malam. Cikin gari ta gilma mini, na kauce na sha ƙasa. Ka san akuyoyinku ba su da tarbiyya."

Aka yi dariya, aka sauke mashin, aka wuce da Gideon gida. Da rumfa ta yi shiru Arzika ya kai hannu ya matsa birkin gaba. Hannun ya lotsa kamar an danna tuwon da ya kwana a ruwa. Ya saki. Sannan ya shafa gefen da ya daki ƙasa, ya sami laka cushe a bakin maƙalli da ramin matakin ƙafa. Ya ɓalla, ya murza. Fara ce, mai santsi, da ƙananan duwatsu a ciki. Bai taɓa taka wurin ba, amma ya san shi kamar tsakar gidansa. Babu akuyar da ke kiwo a tsakiyar gangaren Tungar Maje.

Wannan lakar bai zuba ta a daro ba. Ya ƙulle ta a leda ya sa a aljihu.

Mako uku mashin ya yi a rumfa kafin hannun Gideon ya warke. Arzika ya miƙe abin da ya lanƙwashe, ya canza abin da ya karye, ya wanke shi har ya yi ƙyalli, ya bar birki, don birki sai da mai shi. Da la'asar in ya zauna a benci, fadama ta daina zuwa masa. Gangaren ne ke zuwa. Yakan ga kansa a sama, rafi na ƙyalli can ƙasa, iska mai ƙamshin ruwa na shigar masa riga. Sai mashin ya fara zubewa a hankali, a hankali, kamar a mafarki, farin kan Likita na gabansa, yatsu biyu na jan hannun birki, hannun na tafiya, yana tafiya, babu abin da ya tare shi. Daga nan sai kiran sallar magariba ya dawo da shi. Tani ta ga tuwo na dawowa rabi, ta dube shi, ta ɗauke kwanon.

Ranar Litinin da hantsi Gideon ya sauka daga keke-napep, hannu ya saku, fuska ta yi sabuwar fata.

"Malam, gobe zan koma Tungar Maje. Shanun mutanen nan ba su san na faɗi ba, jira suke. An ce ruwan jiya ya ƙara cinye hanyar. Mu yi birkin nan."

Arzika ya ɗauko sifana da tiyo da kwalba. Ya buɗe ɗan kofin mai da ke kan maƙalli ya cika shi, yatsansa a baki yana jin inda man ya kai. Ya tsuguna a gindin tayar gaba, ya soka tiyo. Rana ta ratso ta sauka a kan kwalba, ya ji ɗuminta a bayan hannunsa.

"Matsa. Matsa. Riƙe."

Ya buɗe, ya rufe.

"Saki."

Gideon ya soma labarin wata saniya da ta haifi tagwaye. Arzika bai ji ko kalma ɗaya ba. Yana ƙirge. Uku. Huɗu. Yana kallon kwalba, kwalba na nan fari fat kamar kullum. A na bakwai ya rufe noti, bakinsa ya buɗe da kansa zai faɗi abin da ya saba faɗa. Kalma biyu ce kawai. In ya faɗe su mashin zai tafi, ya dawo da laka, mutane su ci gaba da cewa ba kamar Arzika. Ledar da ke aljihunsa ta tokare shi a cinya.

Ya ajiye sifana a ƙasa.

"Likita."

"Na'am, Malam."

"Ba ni ganin kwalbag ga."

Labarin saniya ya tsaya. Wani mai rake ya wuce da baro yana kiran ciniki, har muryarsa ta yi nisa.

"Shekara guda da wata huɗu ba ni ganin kumfa," in ji Arzika, kansa a sunkuye. "Ƙirge nika yi. In ƙirga bakwai in ce ma ya yi." Ya laluba aljihu ya fito da ledar, ya kwance, ya ɗaga ta sama ba tare da ya ɗaga kai ba. "Kuma na san inda kah hwaɗi. Babu akuya. Ni na tura ka gangaren ga da iska cikin birki. Ka ɗauki mashin ka kai ma mai ido, kuma in an tambaye ka dalili, ka hwaɗi gaskiya. Ban hana ka ba."

Kunya ta rufe shi har ya ji da ma ƙasa ta buɗe. Mutum mai shekara kusan sittin, tsugune a gindin taya, hawaye na bin gemunsa.

Gideon ya karɓi ledar ya duba farar lakar. Ya ɗan yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Wato har ƙaryar ma ba a iya yi maka, sai laka ta tona mutum." Ya ja numfashi. "Malam, kana tsammani tsoro ne ya sa nake cewa ƙara ɗaya? Tun bara na ga kumfa na wucewa a gaban idonka kana cewa ya yi. Daga nan sama, in na leƙa ta kan tanki, ina ganin tiyon sarai. Ni nake duba maka. Ran nan waya ta ɗauke mini hankali, ban duba ba. In laifi ne, mu biyu muka yi shi, kuma nawa ya fi, don ni ina gani na yi shiru."

Arzika ya ɗago. Abin da yake iya gani dogon mutum ne da farin kai, rana a bayansa.

"Ka sani? Shekara guda?"

"Na sani."

"Kab bar ni ina ma tsiya, ina ce ma matsoraci?"

"To me zan ce? In ce Malam Arzika ba ya gani? Bakina bai iya ɗauka ba." Ya murza wuyan hannunsa da ya warke. "Amma ƙasar Tungar Maje ta koya mini hankali. Shirun nan ba ƙauna ba ce. Akwai wasu da ke kawo maka mashin, su ba su san su leƙa ba."

Wannan ta shige shi fiye da duk abin da ya faɗa wa kansa a mako uku. Ya tuno wani malamin gona na Rabah, da wata yarinya mai rigakafi da ke zuwa Goronyo. Ya ce a kira su duka su dawo da mashinansu, yau ɗin nan, shi zai faɗa musu da bakinsa. Gideon ya ce za a kira, kuma Laraba zai zo da kansa ya kai shi a duba idon, in ya ƙi zai haɗa shi da Tani. Ko za su ci gaba da kawo masa aiki bayan sun ji, ba wanda ya sani, kuma ba wanda ya yi wa wani alkawari.

"Yanzu tashi," in ji Gideon. "Ba ni sifanar."

"Kai? Ka taɓa riƙa ta?"

"Na yi wa bijimi allura yana gudu. Tashi."

Arzika ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya nuna masa da hannu: rubu'in zagaye za ka juya, ba fiye ba, ka rufe kafin ka ce a saki, kada bakin tiyo ya fita daga cikin mai. Gideon ya tattare wandonsa mai guga ya tsuguna a ƙasa mai baƙin mai. Shi kuma Arzika ya zagaya dama, ya ɗora hannu a maƙalli.

Shekara arba'in yana wannan aiki, bai taɓa tsayawa a nan ba. Ashe daga sama haka abin yake. Iska na taɓa fuska, ana jin ƙamshin geron daro da ya fara fitar da kai. Hannayensa biyu a kan maƙalli, tanki a gefen cikinsa, titi a gabansa fari, ba farko ba ƙarshe. Ya lumshe ido, tunda buɗewar ba ta ƙara masa komai.

"Matsa," in ji Gideon daga ƙasa. "Matsa. Riƙe."

Ya riƙe. Ya ji hannun birkin ya nutse a hankali da aka buɗe noti, ya ji ya tsaya da aka rufe.

"Kai, Malam, ga su nan kamar ƙwan kifi! Saki."

Suka yi ta yi. Arzika na tsayawa ya ƙara mai a kofi, ya koma. A kowane zagaye laushin na raguwa a ƙarƙashin yatsunsa, ƙarfe na dawowa ƙarfe. Yana matsawa gangaren ya sake zuwa masa, fari, rafi na ƙyalli a ƙasa, amma wannan karon shi ke riƙe, kuma mashin na sauka taku-taku.

A zagaye na tara Gideon ya ce, "Ya zo garau. Babu komai. Ya yi."

Arzika ya matsa sau ɗaya, ya saki. Ya sake matsawa a hankali, kansa a karkace kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Can ƙarshe, gab da inda birkin ke cizo, akwai ɗan laushin da bai kai kaurin farce ba.

"Ƙara ɗaya, Likita."

"Ina kallo fa, Malam. Babu."

"Akwai. Riƙe nike, buɗe."

Gideon ya juya sifana. Ya kafa wa tiyon ido. Sannan a hankali ya ce, "Allah mai iko. Ga ta nan, guda ɗaya, ƙanƙanuwa. Tana tafiya... ta shiga kwalba."

"Ruhe," in ji Arzika.

Ya ji an rufe. Ya saki, ya matsa, hannun birkin ya tsaya cak a rabin hanya ya ƙi gaba. Bai cire yatsunsa ba sai da Gideon ya miƙe ya karkaɗe wando. Sannan ya karɓi ledar daga hannunsa, ya laluba zuwa bakin ƙofa, ya juye farar lakar a gindin gero.